Kaskar kare a gidajenmu: aikin unguwa ne gaba ɗaya



Yau kan kaska za mu yi magana. Mun sani wani zai yi dariya ya ce duk matsalolin da ke gabanmu an rasa abin tattaunawa sai ƙwaron jikin kare. A yi haƙuri a bi mu zuwa ƙarshe, don abin ya shafi yaranmu da ke rarrafe a tsakar gida fiye da yadda ya shafi karen.

Karnuka sun yawaita cikin garinmu. A Zariya, inda gidaje ke da faɗi da katanga, mutane da dama na aje kare don gadi. A Jiratawa masu garake na barin shi ya tsare musu zogale da kayan lambu da dare. Wajen Tibiri da ƙauyukan bakin Gulbi akwai na farauta da na makiyaya. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa shari'a ta ba da damar riƙon kare don kiwo, noma da farauta, kuma kowa ya ji labarin mutumen da Allah ya gafarta ma saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. To amma dubi yadda muke yi: mu ɗaure shi a lungu, mu jefa mishi ƙanzo, shekara ta zagayo ba wanda ya duba kunnenshi. Muna son haushinshi da dare, muna ƙyamar taɓa shi da rana. A nan kaska ke samun wurin zama.

Hausawa sun yi mata kirari da kaska raɓi mai jini, kuma sun gane ta sarai. Wadda ta fi addabar kare ita ce 'yar ja-ja ɗin nan da masana ke kira Rhipicephalus sanguineus. Ta bambanta da sauran kaskoki ta wuri guda: ba ta bukatar daji ko ciyawa, tana iya ƙare rayuwarta duka cikin gida. Macen kan sha jini kamar mako guda, ta kumbura ta kai ƙwayar wake, ta faɗo ƙasa, ta nemi tsagar bango ko ƙarƙashin tabarma ta zuba ƙwai har wajen 4,000. In sunka ƙyanƙyashe, 'ya'yan ba su kai ƙwayar gero ba. Su hau kare su sha jini su sauka su yi saɓa, su sake hawa su sauka su yi saɓa su zama manya, sannan su yi hawa na ukku. In wuri na da ɗumi, cikin wata biyu zuwa ukku an zagayo. Wadda ba ta samu jini ba kuwa tana iya laɓewa watanni tana jira.

Ma'anar wannan ita ce, kaskar da muke gani a kunnen kare kaɗan ce daga abin da ke gidan. Mafi yawansu na cikin tsagar katanga, bayan ƙofa, cikin tarin bulo da tsohon buhun da karen ke kwana a kai. Suna kuma hawa bango, shi ya sa akan gan su can sama kusa da rufi. Wanda ya wanke kare ya maida shi wurin kwananshi na da, kamar wanda ya yi wanka ne ya koma cikin taɓo.

Ga karen, kaska na kawo cututtukan jini irin su erlikiya da babesiya. Sai a ga ya rame, ya daina ci, dasashinshi ya yi fari fat, wani lokaci jini na fita ta hanci ko fitsari ya yi duhu. Mu ce an ba shi guba ko an yi mishi sammu, alhali abin da ya kashe shi na maƙale tsakanin yatsunshi.

Ga mutane kuma, wannan kaskar na iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ake kira riketsiya, masu sa masassara mai zafi, ciwon kai da ƙuraje, wani sa'in da baƙin tabo a inda ta ciza. A birnin Mexicali na ƙasar Meksiko irin wagga masassara ta ɓarke tun 2008 ta hanyar kaskar karnukan unguwa, ta kashe mutane da yawa, cikinsu har da yara. Akwai kuma abin da ya kamata ya tsaya mana a rai mu mutanen Maraɗi: a 2020 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada, sunka ga cewa in zafi ya kai wajen digiri 38, irin kaskar da ke ƙasashe masu zafi na ƙara karkata ga mutum fiye da ninki biyu. Mu da watan Afrilu ke kai mu digiri 40 da ɗoriya, muna kwana a tsakar gida bisa tabarma, ai da mu ake.

Kada mu manta da bisashe. Gida nawa ne a Zariya babu rago ko jar akuya a ɗaure? Su ma da nasu kaskokin. Akwai mai haddasa ma shanu kirci, akwai kuma babba mai zane-zane a ƙafa, Hyalomma, wadda ke yaɗa masassarar zubar jini ta Kirimiya-Kwango. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce cikin mutum 100 da sunka kamu, 10 zuwa 40 na rasuwa. A 2003 cutar ta ɓulla a Nuwakshot ta Muritaniya, mutum 38 sunka kamu, 11 sunka rasu, kuma wadda ta fara kwantawa akuya ta feɗe. Ana ɗaukar ta daga cizon kaska, daga murƙushe ta da hannu, ko daga jinin dabbar lokacin yanka. Wannan magana ce ta mahautanmu, da ta kowane mai gida in layya ta ƙarato.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damun mu, wato irin maganin da muke yi. In kaska ta yi yawa, sai a aiki yaro ya sayo piya-piya a kwalba marar suna, ko a ɗauko ragowar maganin feshin wake da na lambu, a yi ma kare wanka da shi. Wasu baƙin man mota suke shafa mishi, wasu kananzir. Piya-piya guba ce mai suna dikulorbos, tana shiga jiki ta fata da ta numfashi. Ko a Najeriya, inda mafi yawanta ke fitowa, hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwannin fili tun 2019. Kare ya lashi jikinshi ya fara dalalar da miyau da karkarwa, kaji su tsattsagi ƙasar wurin su mutu, yaro ya rungumi karen ya sa hannu a baki. Ƙwai kuwa na can cikin bango, bayan mako biyu ko ukku su ƙyanƙyashe kamar ba a yi komi ba. An sayi haɗari da kuɗi, kaska na nan daram.

Wasu kuma kan ce a kori karen kawai a huta. Nan ma akwai tarko. In anka fidda kare daga gidan da kaska ta riga ta cika, dubban da ke laɓe cikin bango za su fito da yunwa, kuma jinin da ya rage a gidan namu ne. Karen da anka kora kuma ya zama na titi, ya raba ma maƙwabta abin da yake ɗauke da shi.

To me ya kamata? Da farko a riƙa duba kare, ko sau biyu ne a mako: cikin kunne, wuya, hammata, tsakanin yatsu da gindin wutsiya. Mai ƙyama ya sa safar hannu ko leda. A kama kaskar da matsefata dab da fata, a ja a hankali kai tsaye ba tare da murɗawa ba, a jefa ta cikin kwalbar da ke da alkol ko ruwan jabel a rufe. Kada a fasa ta da farce, kada a ƙona ta tana jiki, kada a shafa mata mai. A wanke wurin da hannu da sabulu. Haka za a yi in ta kama mutum.

Sai maganin jikin dabba. Wannan aikin likitan dabbobi ne, shi ya san awon da ya dace da nauyin kare da shekarunshi. Akwai na wanka irin amitiraz, akwai na ɗigawa a ƙeya irin fipronil, akwai abin wuya mai magani da ke aiki watanni. Kowanne da ƙa'idarshi: amitiraz na cutar da doki da mussa, permetirin kuwa na iya kashe mussa. Maraɗi ba ta rasa masana ba. Muna da ma'aikatar kiwo ta jaha, da likitocin dabbobi masu zaman kansu, ga cibiyar jar akuya da ke nan tun 1963. Tambaya ba ta cin kuɗi kamar asarar dabba.

Sannan gidan kanshi. A share, a ƙona tsohon buhu da tsummokaran da kare ke kwana a kai, a zuba tafasasshen ruwa a wurin, a kwashe tarin bulo da itace daga jikin bango, a liƙe tsagogi da siminti ko laka. In za a yi feshi, wanda ya san aikin ya yi, a fidda yara, abinci, randa da kaji, a kuma maimaita bayan mako biyu zuwa huɗu don a riski waɗanda sunka ƙyanƙyashe daga baya.

Iyayenmu mata, ku ne ke yi ma yara wanka, ku riƙa duba bayan kunne, cikin gashi da matsematsi. In masassara ta kama wani bayan cizon kaska, a kai shi likita, a kuma faɗa ma malamin lafiya cewa kaska ta cije shi. Ba kowace masassara ba ce palu, kuma maganin palu ba ya kashe riketsiya, akwai nata daban da likita zai rubuta. In kuwa yaro ya taɓa guba, a tuɓe mishi tufafi, a wanke shi da sabulu, kada a sa shi amai, kada a ɗura mishi madara ko mai, a garzaya da shi tare da kwalbar.

Mun ji masu cewa, mutumen da ke fama da kuɗin hatsi da na takardar magani ina ya ga na kare? Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Amma tsintsiya, tafasasshen ruwa, laka da matsefata ba su fi ƙarfin kowa ba, kuma su ne rabin aikin. Wanda ya ga ba zai iya ɗaukar nauyin kare ba, gara tun farko kada ya karɓo ɗan kwikwiyo. Dabbar da ka ɗaure amana ce a wuyanka.

Sai dai gida guda ba ya gama wannan yaƙi, don kaska ba ta san iyakar fili ba, karnukanmu kuma na cuɗanya da dare. A Arizona ta Amurka, a 2012, wata al'umma da cutar kaska ke kashe ma mutane ta haɗa kai da ma'aikatan lafiya: anka sa ma kowane kare abin wuya mai magani, anka riƙa feshin gidaje wata-wata. Da farko kusan rabin karnukan na da kaska, cikin 'yan watanni anka koma ƙasa da ɗaya cikin 100. Abin da ya yi aiki shi ne an yi tare, lokaci guda.

Don haka muna kira ga masu unguwanni, limamai da ƙungiyoyin matasa su tsaida ranar tsabtace makwancin dabbobi layi-layi, sau biyu a shekara, kafin bazara da farkon damina. Muna roƙon ofishin magajin gari da ma'aikatar kiwo su duba yiwuwar ware rana ta karnuka, kamar yadda ake yi ma shanu da awaki rigakafi kowace shekara. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya. Ana iya haɗa allurar da maganin kaska a zama guda, mai kare ya yi tafiya ɗaya ya samu biyu. Masu sayar da magani a kasuwa kuma su ji tsoron Allah, su bar miƙa ma yara guba a kwalbar da ba ta da suna.

Mu fara daga gidajenmu. Yau da marece kowane mai kare ya ɗauki fitila ya haska bangon da dabbarshi ke kwana, ya ga abin da ke wurin, sannan ya yi ma maƙwabcinshi magana.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare mana iyalanmu da dukiyarmu. Amin.