Kimiyya a Sauƙaƙe: Da Gaske Ne Akwai Motar da Ke Shan Ruwa Maimakon Fetur?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani ƙaninmu ɗan aji biyar na sakandare daga Roni. Ya ce ya ga bidiyo a wayar yayansa, ana zuba wa mota ruwa a tanki tana tafiya. Yayan nasa ɗan acaɓa ne tsakanin Roni da Kazaure, kuma har ya fara tara kuɗi don a ɗaura masa wata kwalba a babur, wadda aka ce za ta rage masa shan mai da rabi. Shi ne yake tambaya: ya bar yayan ya biya, ko ya hana shi?

Amsarmu a taƙaice ita ce ka hana shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk mai abin hawa neman sauƙi yake yi, kuma masu damfara sun san da haka. Sai dai a bayan wannan ƙaryar akwai wata gaskiya da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Akwai motocin da ruwa ke ɗiga daga salansarsu maimakon hayaƙi. Ba ruwa suke sha ba, wata iska suke sha mai suna haidurojin.

Ruwa toka ne

Ku tuna jadawalin sinadarai da ke manne a bangon ɗakin gwaje-gwaje. Haidurojin shi ne lamba ɗaya, kuma babu sinadarin da ya kai shi rashin nauyi. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Cavendish, shi ya fara tantance shi a 1766, daga baya ya gano cewa idan aka ƙona shi ruwa yake zama. Wannan ne ma'anar H2O da kuke haddacewa: ƙwayar haidurojin biyu sun haɗu da ƙwayar oksijin ɗaya.

To ku lura da nan. Idan itace ya ci wuta, toka ake samu, kuma babu uwar da za ta cika murhu da toka ta ce za ta dafa tuwo. Ruwa shi ne tokar haidurojin. Ya riga ya ƙone, ya ba da zafinsa. Ana iya raba ruwa da wutar lantarki a sake fito da haidurojin, amma wutar da za a kashe wajen rabawar ta fi wadda za a samu idan aka sake haɗa su. Wannan doka ce ta kimiyya, babu bakaniken da zai kauce mata.

Kwalbar da za a ɗaura wa babur daga batir take jan wuta. Batirin kuma inji ne ke cajinsa, injin kuma fetur yake sha. Ashe ke nan man da ake son a rage shi ne ke biyan kuɗin kumfar da ke tashi a kwalbar. Wannan dabara ta tsufa. A 1996 wata kotu a jihar Ohayo ta Amurka ta samu wani mutum mai suna Stanley Meyer da laifin damfara, bayan ya karɓi kuɗin mutane da sunan ya ƙera motar da ke tafiya da ruwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yadda motar gaskiyar take aiki

Motar haidurojin motar lantarki ce, sai dai tana haɗa wutarta tana tafe. Na'urar da ke wannan aiki Turawa na ce mata fiyul sel, mu kuma a nan za mu kira ta batir mai shan iska. Batirin tocila idan ya mutu ya mutu, na waya kuma sai an yi masa caji. Wannan kuwa ba ya mutuwa muddin ana ba shi haidurojin ta gefe ɗaya, iskar da muke shaƙa ta ɗaya gefen.

A tsakiyarsa akwai wani siririn tantani mai kama da leda, an shafe fuskokinsa da garin wani ƙarfe mai tsada da ake kira filatinam. Kowace ƙwayar haidurojin tana da furoton ɗaya da ilektiron ɗaya. Da iskar ta taɓa filatinam sai su rabu. Furoton yana iya ratsa tantanin ya wuce, ilektiron kuwa ba shi da hanya. Ku ɗauka ƙofar gari ce da ake barin masu ƙafa su shige, masu abin hawa kuma sai sun zagaya. Zagayen da ilektiron ke yi ta cikin waya shi ne wutar lantarki, kuma ita ke juya motar da ke juya taya. A ɗaya gefen sai furoton da ilektiron su sake haɗuwa, su tarar da oksijin, su zama ruwa. Babu fistin, babu fulogi, babu baƙin hayaƙi.

Tantani ɗaya wutar da yake bayarwa ba ta kai bolt ɗaya ba, ko rabin ta batirin rediyo da ƙyar take kaiwa. Shi ya sa ake jera ɗaruruwansu kamar yankan burodi. Dabarar ba sabuwa ba ce: William Grove ya gwada ta a Birtaniya tun 1839, kuma jiragen Apollo da suka kai mutum duniyar wata a 1969 da ita suka samu wuta, 'yan sama jannatin kuma suka sha ruwan da take fitarwa.

Kamfanin Toyota ya fara sayar da motarsa Mirai a Japan a 2014, Hyundai na Koriya ta Kudu ya fito da Nexo a 2018. Sabuwar Mirai tana da tantani 330, tana ɗaukar kilo 5.6 na haidurojin, kuma tana iya yin kusan kilomita 650 da cikawa ɗaya. Daga Kazaure zuwa Kano kusan kilomita 80 ne, ke nan zuwa da dawowa sau huɗu. Cika tankin kuwa minti biyar ne.

To me ya hana ta cika tashar Kazaure?

Abu na farko, ajiya. Kilo ɗaya na haidurojin yana da ƙarfin kusan lita huɗu na fetur, amma idan ba a matse shi ba sai ya cika sama da lita 11,000, wato duro 55 irin na mai lita 200. Dole a danne shi a tanki da matsi har ba 700. Iskar da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota ba ta wuce ba biyu da rabi. Tankin da zai jure wannan, da gidan man da zai iya zuba shi, kuɗi ne masu yawa.

Na biyu, asarar wuta a hanya. Idan ka ɗauki mudu goma na wutar lantarki ka zuba a batirin mota, bakwai zuwa takwas za su isa taya. Idan ka raba ruwa da ita, ka matse iskar, ka kai gidan mai, sannan mota ta mayar da ita wuta, kusan mudu uku ne kawai za su isa. Wannan ne ya sa motoci da kekuna masu batir suka yi wa na haidurojin nisa. Ko a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka fi yawan waɗannan motoci a ƙasar, kamfanin Shell ya rufe gidajen haidurojin nasa na ƙananan motoci a farkon 2024.

Na uku, filatinam. Ƙarfe ne mai wuyar samu, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na wanda ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa.

Na huɗu, ba kowane haidurojin ne mai tsabta ba. Duniya na samar da sama da tan miliyan 90 a shekara, kuma kusan dukkansa daga iskar gas da kwal ake tatso shi. Kowane kilo ɗaya da aka yi daga gas yana sakin kusan kilo goma na iskar da ke ɗumama yanayi. Salansa ta yi tsabta, amma hayaƙin ya tashi a masana'anta.

Inda ake ganin zai fi amfani shi ne manyan abubuwan hawa masu dogon zango, waɗanda batir zai yi musu nauyi: tirela, bas, jirgin ruwa da jirgin ƙasa. A 2018 Jamus ta fara ɗaukar fasinja da jirgin ƙasa mai haidurojin na kamfanin Alstom. Amma ko a can, hukumar jihar da ta fara gwajin ta bayyana a 2023 cewa jiragen da za ta ƙara saya masu batir ne, saboda sun fi araha. Wannan muhawara ta shafe mu, tunda layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Kazaure ya ratsa. Wata rana za a zauna a yanke shawarar abin da jiragensa za su riƙa sha bayan dizal, kuma muna so 'ya'yan yankin nan su kasance cikin masu lissafin.

Haidurojin ya riga ya iso gonarku

Ba sai mun jira mota ba. Takin yuriya da ake zuba wa masara da shinkafa a Roni, da gero da dawa a Babura, da haidurojin ake yin sa. Ana tatso shi daga iskar gas, a haɗa da naitirojin na iska a samu amoniya, daga nan a yi yuriya. Haka ake yi a masana'antar takin Ɗangote da ke Lekki a Legas, wadda aka buɗe a 2022, mai iya yin tan miliyan uku a shekara. Duk buhun yuriya mai kilo 50 da kuka taya baba saukewa, akwai sama da kilo uku na haidurojin a ƙulle a cikinsa.

Yanzu ku dubi rijiyar burtsatse mai sola da ke unguwarku. Da rana famfo na tura ruwa sama cikin tanki, da dare kuma mata su ɗiba ba tare da rana ba. Tankin bai ƙirƙiri komai ba, ajiya kawai ya yi. Haka haidurojin yake: rumbu ne na ajiye ƙarfin rana. Rana kuwa Allah ya hore mana ita. An daɗe ana maganar kafa babbar tashar wutar sola mai megawat 1,000 a ƙaramar hukumar Gwiwa. Duk inda aka samu wutar rana mai yawa da araha, ana iya raba ruwa da rarar ta, a yi taki ko man manyan motoci ba tare da gas ba.

Sai dai akwai lissafin da bai kamata a tsallake ba. Kilo ɗaya na haidurojin na buƙatar aƙalla lita tara na tataccen ruwa, da wuta yunit 50 zuwa 55, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. A yankin da masu noman rani, masunta da makiyaya suka dogara da dam ɗin Kazaure, dole a tambaya daga ina ruwan zai fito, kuma wa zai rasa. Masu amsa irin wannan tambaya a nan kusa ake horar da su, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura wadda aka kafa a 2021. Ƙofar shiga kuwa ita ce kiredit a lissafi, fizis da kemistiri. Wanda ke gudun ajin kemistiri yau, gobe shi za a sayar wa kwalba.

Gwajin wannan mako

Ku nemi malaminku na kimiyya ku yi wannan tare da shi. Ana buƙatar kofin gilashi, ruwa, ɗan garin kanwa, fensir biyu da aka fiƙe ta kowane ɓangare, waya biyu gajeru da ƙaramin batir mai bolt tara. A narkar da kanwar a ruwa, a tsoma fensiran kada su taɓa juna, a haɗa bakinsu na sama da kawunan batirin. Za ku ga kumfa na tashi. Fensirin da ke haɗe da alamar ragi shi zai fi kumfa, kuma wannan kumfar ce haidurojin. Ku cire batirin, nan take kumfar za ta tsaya. Kun ga da idonku cewa ƙarfin daga batir yake, ba daga ruwa ba.

A kiyaye abubuwa huɗu. Kada a sa gishiri, domin yana fitar da iskar kilorin mai guba. Kada a yi amfani da wutar soket ko batirin mota. Kada a tara iskar a kwalba mai murfi. Kada a kusanto da ashana. Haidurojin ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana kama wuta da ɗan tartsatsi. A 1937 jirgin sama mai balan-balan na Jamus, Hindenburg, wanda aka cika da shi, ya kama wuta a Amurka, mutum 36 suka mutu.

Ƙaninmu na Roni, ka kai wa yayanka wannan shafi. Kuɗin kwalbar gara ya sa su a gyaran kafireto, sabon fulogi, canjin baƙin mai a kan lokaci da daidaita iskar taya. Waɗannan su ne ke rage shan mai da gaske.

Tambayar mako: idan faifan sola ɗaya mai wat 300 yana samun rana mai ƙarfi ta awa biyar a yini, faifai nawa ake buƙata don a samu yunit 50 na yin kilo ɗaya na haidurojin a yini ɗaya? Ku aiko da amsa tare da yadda kuka yi lissafin, da sunan makarantarku da ajinku. Za mu buga sunayen waɗanda suka dace.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.