Ruwan da Ya Sake Launi

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure ya ɗauki babin tsarki a fiƙihun Malikiyya, ya san cewa ruwan da najasa ta canza masa launi, ko ɗanɗano, ko ƙamshi, bai halatta a yi ibada da shi ba, bai kuma halatta a sha ko a yi girki da shi ba. Amma abin ta'ajibi, a wannan birni na Kano mai tarin malamai, irin wannan ruwa ne ake ban ruwan lambu da shi, mu sayi kayan lambun a kasuwa, mu ci muna hamdala.

Wanda ke shakka ya je ya tsaya bakin rafin Getsi, wanda ke kwaso dauɗar masana'antun Bompai ya zuba a Jakara, ko bakin Salanta, mai ɗauke da ta Sharaɗa zuwa kogin Challawa, inda masana'antun Challawa ke ƙara tasu. Zai ga ruwa baƙi ƙirin, wani sa'in shuɗi-shuɗi, kumfa ta kwanta a kansa, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. A gefe kuwa ga injin ban ruwa yana tuttula shi cikin fangalin latas da alayyafo. Ban ga laifin mai lambu ba, domin da rani ba shi da wani ruwan.

Asalin musibar yana wajen jima. Kakanninmu majema da bagaruwa suke jeme fata, har ta ƙetare Sahara ta yi suna a Turai. Masana'antun zamani kuwa, saboda gaggawa, gishirin kuromiyam suke amfani da shi, wanda kusan sulusinsa ba ya kama fata, sai ya bi ruwan wanki ya fita, ya taru a ƙasa da tsiro da cikin kifi, alhali kuwa ba ya ruɓewa komai daɗewar zamani.

Doka dai akwai ta. An kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a 1988, bayan an jibge guba a garin Koko, sannan hukumar NESREA ta gaje ta a 2007. Aiwatarwa ce ta yi rauni, saboda kullum aka tunkari masu masana'anta sai su ce tsadar wuta da man dizal ta riga ta durƙusar da su. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai shari'a ba ta yarda mutum ya kawar da cutarsa ta hanyar ɗora wa maƙwabcinsa ita ba. Ana iya tace kuromiyam daga ruwan jima a sake aiki da shi, wanda ragin asara ne ga mai masana'antar kansa. Ana kuma iya haɗa kuɗi a gina matata guda a kowace unguwar masana'antu, kamar yadda aka yi wa majeman Kanpur a Indiya.

Muna roƙon gwamnatin jiha ta wajabta haka, ta riƙa auna ruwan kowane bututu tana bayyana sakamakon ga jama'a, wanda ya ƙi kuma a rufe masa ƙofa.