Tunawa Da Malam Aminu Kano: Malami Ne Kafin Ya Zama Ɗan Siyasa

Ranar 17 ga watan Afrilu, 1983, Allah ya yi wa Malam Aminu Kano rasuwa, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Gwammaja cikin birnin Kano. Tun daga wannan rana, duk shekara in an zo tunawa da shi, 'yan siyasa ne kan cika dandali, kowa yana ƙoƙarin nuna cewa shi ne magajinsa na gaskiya. Amma abin da akan manta shi ne, mutumin nan ya riƙe muƙamai da dama, har da Kwamishinan Tarayya na Sadarwa da na Lafiya a zamanin Janar Gowon, amma sunan da ya bi shi har kabari shi ne Malam. Wannan suna kuwa a cikin aji ya samo shi.

An haife shi a unguwar Sudawa a shekarar 1920, a gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne, mahaifiyarsa Rakiya kuma mace ce mai karatu, a wurinta ya fara sanin baƙi. Daga nan ya shiga Elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sa'an nan Kwalejin Kaduna, wadda ita ce Barewa ta yanzu. Da ya gama a 1942 sai aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur. A 1946 ya tafi Ingila ƙaro ilmin koyarwa a Jami'ar Landan, bayan ya komo kuma aka ba shi aiki a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, cikin Lardin Sakkwato.

Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar farko da Malam ya tsaya tsayin daka wajen kafawa don Arewa baki ɗaya ta malamai ce, wato Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa, a 1948. Ya gane tun da wuri cewa malamin da aka wulaƙanta, wanda albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ba zai iya koya wa yaro ya san darajar kansa ba. Ko da ya ajiye alli a 1950 ya shiga jam'iyyar NEPU, bai bar koyarwa ba, ajin ne kawai ya faɗaɗa. Bayanin da ya riƙa yi wa talakawa a kasuwanni game da haraji da jangali da iyakar ikon Alƙali da na En'e, darasi ne irin na malami. Haka kuma tafsirin da ya riƙa yi da watan azumi.

Shi kuwa gidansa, shi ma makaranta ne. Wanda ya tashi a hannun uwa mai ilmi ba ya buƙatar a gaya masa amfanin karatun 'ya mace. Saboda haka ne ya dage a kan ilmin mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a tun a shekarun 1950, alhali matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai a ƙarshen shekarun 1970. A zaɓen 1983 ma mace ya zaɓa, Uwargida Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takarar Shugaban Ƙasa, sai dai ajali ya riga zaɓe. Ƙofar gidansa a buɗe take ga ɗalibi da baƙo da mai neman shawara, bai kuwa bar wa iyalinsa tarin dukiya ba, sai suna mai kyau. Gidan nan, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazari ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero.

To, da me aka saka masa? An sa sunansa a babban filin jirgin sama na Kano, da asibitin koyarwa, da kwalejin shari'a. Madalla, yabon gwani ya zama dole. Amma in ana son a auna ko an riƙe amanarsa, sai a bar birni a nufi yamma, ƙasar Gwarzo da Kabo, a shiga ƙauyuka irin su Durun, a tambayi halin da malamin firamare yake ciki. Shi ne ainihin magajin Malam, domin shi ke tsaye gaban 'ya'yan talakawan da Malam ya ƙarar da rayuwarsa a kansu.

Tarihin wannan malami bai yi daɗi ba. Da aka fara shirin ilmin firamare kyauta na UPE a 1976, yara suka yi yawa, aka horar da malamai cikin gaggawa. Daga baya aka mayar da takardar NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, aka rufe akasarin kwalejojin horon malamai irin ta Maru ta da, waɗanda ke ɗaukar yaro tun yana ɗanye su tanƙwara shi ya so aikin. Sannu a hankali koyarwa ta zama matsugunin wanda ya rasa wani aiki. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun ritayarsu zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. A 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Duka waɗannan matakai ne masu kyau, amma amfaninsu sai sun isa aljihun malamin ƙauye da kwanon iyalinsa. Magidancin da ke tunanin hatsin gida da kuɗin maganin ɗansa, rabin hankalinsa kawai yake shiga aji da shi.

Saboda haka akwai kira ga ɓangarori uku. Ma'aikatan da ke riƙe da fayilolin malamai a Ma'aikatar Ilmi da ƙananan hukumomi su tuna cewa kowane fayil na ƙarin girma ko fansho da aka danne, gida guda ne aka hana barci. Gwamnati ta ware alawus da gidajen kwana ga malamin da ya yarda ya zauna a ƙauye, don kada duk gwani ya tsere birni. Ɗalibai kuma, musamman waɗanda suka fito daga karkara, su daina kallon alli a matsayin alamar kasawa, su tuna cewa Firayim Minista na farko na ƙasar nan da jagoran talakawanta duk daga aji suka fito.

Allah ya jiƙan Malam Aminu Kano da sauran malaman da suka riga mu gidan gaskiya, ya albarkaci zuriyarsu, ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.