Bakin Kogin Isa Na Kowa Ne

Birnin Yamai yana da gadoji uku bisa kogin Isa. Ta farko, gadar Kennedy, an buɗe ta a shekarar 1970 da taimakon ƙasar Amurka, tsawonta mita 710. Kafin wannan lokaci, duk mai nufin Harobanda ko hanyar Say sai ya jira jirgin fito. Ta biyu, gadar zumuncin Sin da Nijar, ta soma aiki a 2011. Ta uku, wadda ke ɗauke da sunan Janar Seyni Kountché, an ƙaddamar da ita a 2021 ta wajen Gudel. Waɗannan manyan ayyuka ne, kuma ba mai musun amfaninsu. Amma akwai tambayar da ta cancanci a yi: tsakanin wannan gada da waccan, ina rabon mai tafiya ƙasa?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Duk wanda ya taso daga Gudel da sassafe, ya bi gaɓar Yantala da Kombo, zai ga garake shar da salati da kabeji, ga masunta cikin jiragensu, ga masu wanki sun shimfiɗa tufafi bisa tudu. In ya iso gadar Kennedy, kusa da gidan tarihi na Boubou Hama, sai ya tarad da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni, da mata ɗauke da kaya, da masu amalanken jaki, kowa na neman wurin sa ƙafa tsakanin motoci da babura. In ya zarce gaɓar Gamkale, inda majema suke aikin fata, sai ya hango gada ta biyu. Wannan tafiya ba ta wuce ta hantsi guda ba, amma ta isa ta nuna wa mutum halin da kogi yake ciki.

Abin da ido ke gani ba duka ne ke faranta rai ba. A wurare da dama katanga da shinge sun tare hanya, har mai tafiya ya koma kan kwalta yana kasada da ransa. Kwarin Guntu Yena, wanda ya ratsa tsakiyar gari, yana zubo ruwan dauɗa cikin kogi. Leda ta rufe gaɓa, alhali kuwa tun 2014 doka ta hana shigo da ita da sayar da ita. Rairayin da ƙoramu ke kwasowa da damana yana cike cikin kogi, har tsibirai suna fitowa inda da sai jirgi. Mu tuna fa, ruwan da muke sha a Yamai daga wannan kogi ake janyo shi, a tace shi a Gudel da Yantala. Wanda ya zuba shara a gaɓa, cikin randarsa ya zuba.

Kogin ya sha yi mana gargaɗi. A 1985, bayan farin da ya addabi ƙasa, ruwa ya daina gudu a Yamai, mutane suka riƙa ƙetarawa da ƙafa. A 2012 ambaliya ta rusa gidaje masu yawa. A watan Satumba na 2020 ruwa ya hau har kimanin mita 7, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan, ya fasa shingen Lamorde, dubban iyalai suka rasa wurin kwana. Dalilin bai ɓoyu ba: jan ruwan da Sirba da Dargol da Goruwol ke kawowa da damana yana tarad da kogin da rairayi ya rage wa zurfi, da gidajen da aka gina inda ruwa ya saba kwanciya.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a keɓe hanyar masu tafiya ƙasa a gaɓa biyu, daga gadar Seyni Kountché zuwa gada ta biyu, a hana kowa gini ko shinge bisanta. Kada a ɗauki wannan abin ƙawa domin masu shan iska. Filin da aka bari a buɗe shi ne wurin da ruwa zai kwanta in ya yi yawa. Hanyar da jama'a ke bi kullum kuwa ita ce mai gadin da ba ya barci: in shinge ya tsage, ko wani ya juye shara, ido zai gani tun abin bai yi nisa ba. Rigakafi ya fi magani.

Muna kira ga hukumomin birni da su shata iyakar gaɓa, su gyara gefen gadoji, su sa fitilu da kwandunan shara. Itatuwan da ake dasawa ranar 3 ga watan Ogusta, a ba bakin kogi kasonsa, a kuma naɗa masu ba su ruwa har su kama. A yi shawara da masu garka da masunta da masu wanki, domin nan ne abincinsu yake, kuma sun fi kowa sanin halin ruwa. Masu unguwanni da limamai da malaman yaƙi da jahilci su ja hankalin jama'a game da tsabta.

Ga ma'aikatan da alhakin ya rataya a wuyansu, shawararmu ƙarama ce: su bar mota rana guda, su taka daga gada zuwa gada. Yamai ce mazaunin Hukumar Kogin Isa, wadda ta haɗa ƙasashe tara. Birnin da aka ba wannan amana bai kamata ya juya wa kogi baya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka; kowa ya kama. Allah ya taimake mu.