Gajeren wandon ruwa na keke: duba mazauni da ɗinki kafin ka duba suna

Jama'a, yau za mu ɗan ajiye maganar waya da fawabank. Da yawa daga cikin masu kallon tashar nan a Ingila da keke suke neman abinci: wasu na kai oda a Deliveroo ko Uber Eats, wasu kuma da shi suke zuwa jami'a ko wurin aiki don kuɗin bas ya yi yawa. Duk wanda ya yi awa shida a kan sirdi da jiƙaƙƙen wando ya san abin ya wuce wasa. Fatar cinya na salewa, sanyi na shiga ƙashi, washegari ka kasa fita, kuɗin ranar ya tafi.

Ra'ayina a taƙaice: gajeren wando mai hana ruwa ya fi dogo amfani a mafi yawan watannin shekara a ƙasar nan, kuma ba sai ka sayi mai tsada ba. Abu biyu ne ke raba na kirki da na banza, wato ƙyallen mazauni da yadda aka rufe ɗinki. Sauran duk ƙari ne.

Me ya sa gajere?

Ruwan Ingila ba irin na Kano ba ne da zai sauko kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, rana ta fito. A nan yayyafi ne mai naci, titi ya wuni a jiƙe. Saboda haka mafi yawan ruwan da ke jiƙa mai keke daga ƙasa yake tasowa: tayar baya ce ke feso shi daidai mazauninka da bayan cinya. Dogon wandon roba zai tare wannan, amma cikin minti ashirin na tuƙi zufa ta cika shi, ka jiƙe daga ciki. Gajere yana kare inda ya fi muhimmanci, iska kuma na shiga ta ƙasa. Ƙwauri ko ya jiƙe yana saurin bushewa.

Na san abin da wasu za su ce: al'aura fa? Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na maganar matsattsen wandon nan na masu tsere. Nemi irin na masu hawan dutse da keke, mai faɗi wanda ke kaiwa gwiwa, ko wanda ya sauka ƙasa da ita. Ka gwada shi a zaune, don in ka lanƙwasa ƙafa yana hawa sama. Mafi sauƙi shi ne ka sa dogon wandon ciki mai ɗumi, ka ɗora gajeren a kai. Ka rufe jikinka, ka samu ɗumi, in lokacin salla ya yi ba sai ka nemi wurin canza kaya ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kam, ranar da ake zuba ruwa da sanyi tare, dogon wando ya fi.

Karanta lamba kamar yadda kake karanta ta waya

Mu da ke gardama a kan IP67 da IP68 bai kamata a yaudare mu a kan wando ba. Shi ma ƙyalle yana da lambarsa, ana rubuta ta da milimita, kamar 5,000mm ko 10,000mm, wani lokaci 10K. Ma'anarta tsawon ruwan da za a tsayar a bututu a kan ƙyallen kafin ya fara ɗiga ta ɗaya gefen. Riga mai 5,000mm za ta iya riƙe ka a yayyafi. Wando kuwa daban ne, domin kana zaune a kansa, nauyinka na matse ruwan cikin zare, kana kuma goga shi da sirdi duk juyin feda. Don haka ni daga 10,000mm nake fara dubawa.

Akwai lamba ta biyu, ta fitar zufa, mai ƙarewa da g/m²/24h. Ita ce yawan tururin da ke iya ratsa murabba'in mita ɗaya na ƙyallen a awa 24. In ta kai 10,000 ba laifi. In mai sayarwa bai rubuta ko ɗaya daga cikin lambobin nan ba, ka ɗauka ba shi da abin nunawa.

Kula da kalmomi biyun da ke kan takardar kaya. "Water-resistant" yana nufin an fesa wa ƙyallen maganin da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangara, wanda ake kira DWR. Wanki da guga da sirdi na cinye shi. "Waterproof" yana nufin akwai siririyar fata a ciki da ke tare ruwan ko da feshin ya tafi. Gore-Tex, wanda Bob Gore ya gano sinadarinsa a 1969, shi ne sananne, amma yau kamfanoni da yawa suna da tasu fatar mai rahusa, kuma don zirga-zirgar gari ta isa.

Juya shi ciki-waje

In wandon na hannunka, juya shi. Kowane ramin allura ƙofar ruwa ce, shi ya sa ake liƙa siririn tef a kan ɗinki daga ciki. Duba ko tef ɗin ya bi duk ɗinkin, musamman na tsakanin ƙafafu da na baya. In ya fara ɓanɓarewa tun a shago, ajiye shi. Sannan taɓa mazaunin: ya kamata ya fi sauran jikin kauri, ko a ninka shi. Nan ne wando ke fara mutuwa, saboda yashi da lakar da taya ta feso suna shiga tsakaninsa da sirdi suna cin sa kamar samfefa. Bayan ƙugu ya zama mai tsawo, don in ka sunkuya kan kan keke kada ruwa ya bi bayanka ya shiga. Aljihu mai zif yana da kyau, amma kar ka amince masa da wayarka.

Ina za a samu da araha?

Endura, kamfanin Sikotilan, yana da jerin MT500, ciki har da wanda bayansa ne kawai ke hana ruwa, gabansa kuma feshi ne. Ga mai kai oda wannan tsari ne mai ma'ana, tunda ta baya ruwan ke zuwa. Sabo dai yana da tsada. Madison da Altura su ma suna yi, Decathlon kuma tana da nata kayan keke masu sauƙin kuɗi. Aldi da Lidl kan kawo kayan keke lokaci-lokaci, sai dai ka juya ka duba tef da kanka. Dabarata ita ce a nemi na kamfani mai kyau a Vinted ko eBay, ko a jira ragin ƙarshen hunturu. In na hannu ne, ka ce a turo maka hoton cikin mazaunin kafin ka biya.

Yi lissafi. A ce ka sayi na fam 15 ya yage a wata biyu, sau shida kenan a shekara, fam 90. Na fam 50 da ya yi shekara ɗaya ma ya fi shi araha. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce inganci ba. In ka saya sabo ta intanet daga shago a Birtaniya, doka ta ba ka kwana 14 ka fasa, kuma dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kaya mai aibu a ba ka kuɗinka. Ajiye rasit. Wannan kariyar ba ta shafi cinikin mutum da mutum ba.

Yadda zai daɗe

Kar ka wanke shi da omon gida, kuma kar ka zuba masa ruwan ƙamshin nan mai tausasa tufafi, yana kashe feshin. Nikwax da Grangers suna da sabulun irin waɗannan kaya da maganin sabunta feshi. Ɗauraye lakar da zarar ka dawo, ka shanya, kar ka cusa shi a jaka a jiƙe.

Kuma kafin wandon ma, sa wa tayar bayanka marfin tare laka. Shi ne mafi arha a duk abin da na lissafa, kuma zai rage ruwan da yashin da ke isa ga wandon tun farko.

Wanda ke Manchester ko Glasgow, inda ruwan ya fi na Landan naci, ya gaya mana wanne ya sa kuma wata nawa ya yi masa. Wanda aka fi ambata shi za mu saya mu gwada a bidiyo na gaba.