KEKE YA DAWO HANYOYIN GOBIR: MU DAINA RAINA SHI, AMMA KAR A RUFE MANA BAKI DA SHI

Yau maganar keke nika son mu yi.

Na san wani zai ce, ana kashe mutane, ana sace su, an hana noma, kai kuma keke ne ya dame ka? Ɗan'uwa yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. A ƙasar Sabon Birni da Isa, duk wanda ya taɓo maganar abin hawa ya taɓo maganar hanya, wanda ya taɓo hanya kuwa ya taɓo tsaro da abinci da karatun yara.

A Ingila akwai wata ƙungiya tun 1955, sunanta Rough Stuff Fellowship. Aikinsu ke nan su ɗauki keke su bar kwalta, su shiga tuddai da fako inda babu gari babu gida, su yini suna fama da duwatsu da taɓo, wani wuri su tura, wani wuri su saɓa keken a kafaɗa. Da yamma su koma gida su ce sun ji daɗi. Wahalar da Bature ke fita nema ranar hutu, ita ce mutumin Tsamaye da Kurawa da Gebe da Tozai ke sha kullum in zai je kasuwa. Su ganin dama ne, mu dole ce. Amma akwai abu guda da sunka fi mu: sun ɗauki keke da muhimmanci, sun san irin wanda ya dace da mugunyar hanya. Mu da rayuwarmu ta rataya a kai, har yau kallon abin yara muke yi mishi.

Da ba haka abin yake ba. Tambayi dattawa. Akwai lokacin da in mutum ya sayi Rali sabo, sai an zo kallo har daga maƙwabtan gari. Malamin makaranta, malamin gona, malamin asibiti, duba-gari, duk a kan keke sunka yi wa karkara aiki. Kamfanin Raleigh har masana'anta gare shi a Kano. Daga baya Phoenix ta China ta cika kasuwa, ita ce mai ɗaukar buhu ba ta koka. Bayan kuɗin Udoji na 1974 ma'aikata sunka fara komawa babur. Da aka shiga shekarun 2000 kuma Jincheng da Bajaj sunka yi arha, 'yan siyasa na rabawa lokacin zaɓe, sai keke ya zama alamar wanda bai samu ba. Magidanci ya gwammace ya ci bashi ya biya ɗan kabu-kabu da a gan shi yana tuƙa feda. Lokacin da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya hau keke zuwa taron majalisar zartarwa a Abuja a 2001 yana cewa a koma gare shi, dariya anka yi mishi ƙasa baki ɗaya.

To mi ya canza? Abu biyu.

Na farko fetur. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Mu kuma da ke bakin iyaka, kowa ya san a hannun 'yan bumburutu muke saye, kuma farashinsu daban yake. Manomin da zai kai tiya goma ta wake kasuwa, in ya biya babur zuwa da dawowa, mi ya rage mishi?

Na biyu tsaro. A ƙasarmu yanzu babur ya zama abin hawan ɓarayin daji. Da mata sun ji ƙarar babura da yawa daga nesa sai su fara tattara yara. Mai babur na halal kuma yana tsakanin wuta biyu: a daji a ƙwace mishi, a shingen jami'an tsaro a tsare shi da tambaya. Ku tuna Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Tambuwal ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita hawan babur da dare, sannan anka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 14. An yi dokar ne don a matse ɓarayi, amma talaka ya fi kowa jin ta a jiki. Wanda ke da keke a zaure a wancan lokaci ya san amfanin abinsa. Ba mu kaɗai ba ne. Maiduguri an hana babur tun 2011, Diffa ta Nijar a 2015, kuma a duk wuraren nan keke na cikin abin da ya rufa wa mutane asiri.

Saboda haka keke ya dawo, ko muna so ko ba mu so. Abin tambaya shi ne, za mu bar shi ya dawo a wulaƙance, ko za mu yi mishi tsari?

Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa. Mai keke a kan burji mai ƙarfi zai ci 12 zuwa 15 ba tare da ya kashe kansa ba. Tafiyar da za ta cinye safiya guda ta koma awa ɗaya. Ba ya shan mai, ba ya ƙara, gyaransa ba ya bukatar a je Sakkwato neman kaya. Yaro ɗan sakandare da ke tashi da asuba ya taka zuwa makarantar da ke wani gari, keke na iya zama abin da zai hana shi jefar da karatun.

Sai dai hanyoyinmu ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗinsu. Ƙasa uku gare mu. Akwai fako da burji, inda keke ke gudu amma tsakuwa da ramuka ke karya wayoyin ƙafa su lanƙwasa gargare. Akwai jigawa, inda rairayi ke riƙe taya har sai ka sauka ka tura. Akwai fadamar Rima da Bunsuru da Gagare, inda da damina laka ke cika tsakanin taya da madigadi har ƙafar ta ƙi juyawa. Sannan ga ƙaya ko'ina: tsidau a ƙasa, ƙayar aduwa da ta bagaruwa a gefen hanya.

Wanda zai sayi keke don waɗannan hanyoyi, kar kyan fenti ya ruɗe shi. Kekunan nan 'yan Kwatano masu siririyar taya da giya barkatai, don kwaltar Turai anka yi su. Wata biyu a hanyar Gatawa, rairayi ya shiga giyar, kuma ba mai kayan gyaranta a kusa. A nemi mai firam na ƙarfe wanda in ya tsage mai walda zai iya ɗinkewa, mai faɗin taya, mai kariya mai ƙarfi wadda anka ɗaure da ƙusa ba waya ba. In za ka shiga rairayi, rage iskar taya kaɗan, za ta fi zama bisa ƙasa maimakon ta nutse. In ka fito burji mai duwatsu da kaya a baya, ƙara iskar, in ba haka ba gargare zai cije tub ya huda shi wuri biyu. Kar a labta wa sarƙa baƙin mai da yawa, don mai da rairayi in sun haɗu sun zama kamar dutsen niƙa, su cinye sarƙar da haƙoranta. A goge, a ɗiga kaɗan. Kaya kuma a raba su gefe biyu a yi ƙasa da su, kar a tula su sama har keken ya riƙa rinjayar mai shi. Famfo, sholisho, ɗan guntun tub da sifana, kar a fita gari babu su. Masu faci na bakin kasuwa sun fi ni sanin wanga karatu, su ƙara mana a ƙasa.

Yanzu bari in faɗi inda keke ya tsaya, don kar a ce na mai da shi maganin kowace cuta.

Keke ba ya kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ba ya ƙetare gulbi in ya kawo. Ba ya fitar da buhu hamsin na albasa ko gero daga gona. Kuma ba ya tsere wa harsashi. A watan Mayun 2020 an kashe sama da mutum 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A Disamban 2021 an ƙone matafiya cikin mota a Gidan Bawa, 'yan sanda da kansu sunka ce mutum 23. A 2024 an ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, kuma a hannunsu ya cika. Allah Ya jiƙan su baki ɗaya. In basarake cikin mota bai tsira a babbar hanya ba, ina ga talaka bisa keke a hanyar daji? Dubban 'yan'uwanmu da sunka tsallaka zuwa yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi ba rashin abin hawa ya kore su ba.

Shi ya sa nika cewa kar a rufe mana baki da shi. Ina jin tsoron ranar da wani zai loda kekuna ɗari a tirela, a kira 'yan jarida, a ɗauki hoto, a ce an tallafa wa gabashin Sakkwato, shi ke nan an gama da mu. Ba za mu karɓi keke a madadin hanya ba, ba kuma za mu karɓe shi a madadin tsaro ba.

In da gaske ake, ga abin da ya kamata.

Ɗaya, a fara da 'yan makaranta da ma'aikatan lafiya na karkara. An gwada a wani wuri an gani. Jihar Bihar ta Indiya, talakawa ne manoma kamar mu, ta fara bai wa 'yan mata masu shiga aji tara kuɗin keke a 2006, kuma binciken da masana sunka yi daga baya ya nuna shigar 'yan mata sakandare ta ƙaru da kusan kashi 32 cikin ɗari. A nan wajenmu iyaye da malamai su zauna su duba yadda zai dace da al'adarmu da halin tsaro, a fara da garuruwan da hanyarsu ke biyuwa, yara su riƙa tafiya a ƙungiya.

Biyu, a sayi keken da ya dace. Akwai wanda ake kira Buffalo, na ƙungiyar World Bicycle Relief, wanda anka ƙera musamman don hanyoyin karkarar Afirka, ana amfani da shi a Zambiya da Kenya da Malawi. Kariyarsa na ɗaukar kilo 100, kusan babban buhun gero ke nan. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu, duk inda sunka kai kekuna sai sun koya wa 'yan gari gyara. Ko ba shi za a kawo ba, a kwaikwayi wannan. Keke ɗari babu mai gyara babu kayan gyara, bayan shekara guda tarin ƙarfe ne a bayan ɗaki.

Uku, hanyoyin ƙauye. Ba kowace hanya ke jiran kwalta ba. Wata burji kawai take so a zuba a daddale, wata kwalbati biyu ne matsalarta, wata kwazazzabo guda ne ke raba gari da kasuwa wata uku na damina. Jihar Sakkwato na cikin shirin RAAMP na Bankin Duniya, wanda anka yi shi don irin waɗannan hanyoyi na karkara da kasuwannin amfanin gona. Haƙƙinmu ne mu tambayi wakilanmu na majalisa da shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa: kilomita nawa ne rabonmu, kuma waɗanne garuruwa? In an ce 'yan kwangila na tsoron shigowa, to a ba su rakiya kamar yadda ake bai wa manya in za su zo yaƙin neman zaɓe.

Kar ku ga kamar mai keke ba shi da bakin magana. A Amurka, tun kafin mota ta yawaita, masu keke ne sunka fara tayar da ƙayar baya kan lalacewar hanyoyin karkara. Sun kafa ƙungiya a 1880, sunka jawo manoma cikin tafiyar, sunka dami hukuma, har gwamnatin tarayyarsu ta buɗe ofishin binciken hanyoyi a 1893. Masu mota daga baya sunka zo sunka tarar da aiki. Mu ma mai keke da mai amalanke da mai jaki da ɗan kabu-kabu duk rami guda ke kayar da su. In sun haɗa baki, za a ji.

Mu kanmu kuma akwai namu gyaran. Mu daina yi wa magidanci dariya don ya hau keke. Wanda ya tuƙa kilomita goma ya kai hatsinsa kasuwa ya dawo da cefane bai ci bashin kowa ba, ya fi wanda ke zaune a majalisa yana jiran a saya mishi lita. Matasa masu neman sana'a, ga faci da ɗaurin waya da walda nan, jarinsu kaɗan ne. Masu hali 'yan asalin yankin nan da ke Sakkwato da Kano da Abuja, kafin ka aika kuɗin hawan sallah, tuna akwai ɗan ƙanenka da ke taka sayyada zuwa makaranta. Masu babur da mota kuma a ji tsoron Allah, a daina tura mai keke cikin ƙaya, shi ma hanyar tasa ce.

Ku faɗa mini a ƙasa: a garinku wace hanya ce ta fi ba ku wahala, kuma wane wuri ne daidai ke yankewa da damina? Ku ambaci sunan gari da wurin. In mun tara su, sai mu miƙa wa waɗanda munka zaɓa a rubuce, kar gobe wani ya ce bai sani ba.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wanga bala'i, Ya maido da waɗanda ke gudun hijira gidajensu lafiya, Ya nuna mana ranar da yaro zai hau keke daga Sabon Birni har Isa uwarsa ba ta ɗora hannu a ka ba. Amin.