Mai Allura Majinyaci Ne: Kira Ga Malamai Da Sarakunan Zangon Kumasi

Duk wanda ya san unguwannin Zango na Kumasi, tun daga Aboabo da Asawase har zuwa Yalwa da Alabar da Sawaba, ya san akwai lunguna da kangaye waɗanda samari ke kira geto, inda ake taruwa dare da rana ana zuƙe-zuƙe da haɗiye-haɗiye, kuma ya san masu kwana a cikinsu 'ya'yan gidajenmu ne, da yawansu sun riƙe allo a zaurukan da muka riƙe, sun yi sallar Idi a sahun da muka tsaya. Galibinsu ƙwaya suke haɗiya, tun daga tiramol da ta mamaye ƙasar Gana wajen shekarar 2017 har zuwa jajayen ƙwayoyin nan na Indiya waɗanda binciken BBC na watan Fabrairun 2025 ya tona asirin masu ƙera su da fitar da su. Amma a cikinsu akwai wata jama'a 'yar kaɗan wadda shaye-shaye ya kai ta ga hiroyin, hiroyin kuma ta kai wasunsu ga allura. A kan waɗannan, musamman waɗanda cuta mai karya garkuwar jiki, wato ƙanjamau, ta riga ta kama, nake so in yi magana, domin su ne mafi kusa da kabari, kuma su ne aka fi kawar da kai daga gare su.

Wajibi ne a fara da fahimtar yadda musibun nan biyu ke taimakon juna. Idan mutum uku ko huɗu suka yi tarayya a sirinji guda, saboda talauci ko tsoron kada mai kantin magani ya gane su, to ɗan jinin da ya saura a cikin allurar ya isa ya ɗauki ƙwayar cutar, da ta ciwon hanta, daga jijiyar wannan zuwa ta wancan. Daga nan cutar ta bi mutum gida, ta sami matar da ba ta taɓa ganin geto ba, ta sami jaririn da ke cikinta. Maganin ƙanjamau yana nan, ana ba da shi a asibitocin gwamnati, kuma likitoci sun tabbatar cewa wanda ya lizimci shansa kullum har ƙwayar cutar ta ɓuya a jininsa zai yi tsawon rai cikin lafiya, ba kuma zai sa wa iyalinsa ta hanyar auratayya ba. Sai dai sharaɗinsa shi ne lizimci, mutumin da kuwa jikinsa ya saba da hiroyin, wanda bayan 'yan sa'o'i kaɗan zufa da amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi za su taso masa in bai samu ba, ba shi da wani tunani tun asuba sai na inda zai sami kuɗin allurar gaba, balle ya tuna ranar komawa asibiti. A ƙasar da mutum fiye da 300,000 ke ɗauke da wannan cuta, barin irin wannan kafa a buɗe sakaci ne da lafiyar kowa.

Wasu al'ummai sun riga mu faɗawa cikin wannan jarrabawa, kuma ba laifi ba ne mu dubi yadda suka fita. A ƙarshen shekarun 1980 birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, duk da arzikinsa, yana da wani dandali mai suna Platzspitz inda ɗaruruwan mutane ke yi wa kansu allura a fili, ƙanjamau na yaɗuwa, gawawwaki na ƙaruwa. Hukuma ta kore su a 1992, suka koma wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa mai suna Letten suka ci gaba. Da ƙarfi ya gaza, sai a 1994 gwamnati ta fara gwada abin da a lokacin ya girgiza duniya, wato likita ya rubuta wa mashayi hiroyin tsarkakakkiya ta asibiti. An gindaya sharuɗɗa masu tsanani: sai baligi wanda ya daɗe cikin jarabar, wanda aka gwada masa wasu magunguna aƙalla sau biyu ba su yi ba, zai zo asibiti sau biyu ko uku a yini, a auna masa gwargwado, ya yi allurar da sabuwar sirinji a gaban ma'aikaciyar jinya, ba ya fita da ko ɗigo, a nan kuma ake ba shi maganin ƙanjamau, a duba tarinsa, a nema masa wurin kwana da sana'a. Sata da fashi suka ragu ƙwarai a tsakanin waɗanda aka ɗauka, lafiyarsu ta inganta, har a 2008 jama'ar ƙasar suka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 68 cikin 100 suka amince a tabbatar da tsarin cikin doka. Holan da Jamus da Kanada da Ingila sun yi nasu gwajin, sakamakonsu kuma ya yi kama da na Suwizalan.

Amma adalci ya wajabta a faɗi iyakar wannan magani. Tsada gare shi, yana buƙatar ma'aikata da tsaro, kuma ko a Suwizalan wajen mutum ɗaya cikin goma na masu karɓar irin wannan jinya ake ba hiroyin. Shi matakin ƙarshe ne ga wanda kome ya gagara. Matakin farko shi ne metadon, ruwan magani da ake sha sau ɗaya a yini, wanda ke kwantar da ƙishirwar jiki ba tare da ya jefa mutum cikin maye ba idan an daidaita ma'auninsa, wanda likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka fara jinya da shi a birnin Niyok a tsakiyar shekarun 1960, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin jerin magunguna na tilas a 2005. Nazarin da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna yana rage haɗarin kamuwa da ƙanjamau da kusan rabi ga masu allura. Ba kuma abin Turawa kaɗai ba ne: Tanzaniya ta buɗe ɗakin metadon a asibitin Muhimbili na Darussalam a 2011, Sanagal ta buɗe cibiyarta a asibitin Fann na Dakar a ƙarshen 2014, Iran ta rungumi tsarin har shugaban ma'aikatar shari'arta ya umarci alƙalai a 2005 da kada su tsaya masa a hanya, a Maleshiya kuwa a masallacin Ar-Rahman na Kuala Lumpur aka riƙa ba da maganin, ana haɗa shi da karatu da sallah.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar malami mai tsoron Allah da ya ji wannan, domin haramcin abin da ke gusar da hankali ba shi da shubuha, kuma kare hankali ɗaya ne daga cikin laruran nan biyar da shari'a ta zo domin kiyayewa, tare da addini da rai da nasaba da dukiya. Sai dai fuƙaha'u, Allah ya yi musu rahama, ba su bar mu cikin duhu ba: sun kafa ƙa'idar cewa larura tana halatta abin da aka hana gwargwadon buƙata, da ƙa'idar cewa idan ɓarna biyu suka haɗu, babu makawa sai ɗaya, to a ɗauki mafi sauƙi. Imam Ƙarafi, babban malamin mazhabarmu ta Malikiyya, ya rarrabe tsakanin giya da sauran abubuwa masu ɓata hankali ko sa barci, malamai kuma sun yarda likita ya yi aiki da na biyun, kamar yadda ake yi wa mai tiyata allurar barci babu mai inkari. Mafi kusa da mas'alarmu ita ce fatawar Ibn Hajar al-Haitami na Makka a ƙarni na goma na hijira, wadda Ibn Abidin ya naƙalto: da aka tambaye shi game da wanda aka jarrabta da cin afiyun har ya zama in ya bari zai halaka, ya amsa cewa idan hakan ya tabbata, ci ya halatta gare shi domin tsare ransa, tare da wajabcin ragewa sannu a hankali har jiki ya rabu da shi. Halakar da ake tsoro a zamaninmu takan zo ne ta hanyar allura mai cuta, da hodar da aka gauraya da abin da ba a sani ba, da komawa ga tsohon ma'auni bayan an fito daga kurkuku jiki ya manta, mutum ya yi allura numfashi ya tsaya. Tantance wannan aikin likitoci ne, fitar da hukunci a kansa kuwa aikin malamai ne, shi ya sa ya zama dole su zauna a tabarma ɗaya.

Hanyoyin da muka saba da su mun ga ƙarshensu. Tsohuwar dokar Gana ta 1990 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba ga mai sha, aka cika gidajen yari, geto bai ragu ba. Ɗaure mutum da mari da sunan magani, ko a sansanin addu'a ko a gidan malam, ya jawo abin kunyar da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Ga mai cutar ƙanjamau kuwa kowace rana a ɗaure rana ce ba magani. Marigayi Kofi Annan, ɗan wannan gari namu na Kumasi, shi ya kafa hukumar Afirka ta Yamma kan miyagun ƙwayoyi ƙarƙashin jagorancin Olusegun Obasanjo, wadda rahotonta na 2014 ya nemi a ɗauki shaye-shaye a matsayin lamarin lafiya, a juya ƙarfin hukuma kan manyan dillalai. Majalisar dokokin Gana ta bi wannan shawara a dokar 2020 mai lamba 1019, ta mayar da hukuncin mai sha tara ta sidi 2,400 zuwa 6,000, ta kuma ambaci rage cutarwa da jinya cikin ayyukan NACOC, hukumar kula da miyagun ƙwayoyi. Amma ɗan Zangon da ba ya iya biyan tarar har yanzu kurkuku ke jiransa, manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati kuma, na Akra da Pantang da Ankaful, duk suna can kudu, nesa da mai kwana a Aboabo.

Saboda haka kirana ga mai martaba Sarkin Zango da sarakunan ƙabilu, da limaman Juma'a, da malaman Tijjaniyya da na Ahlus Sunna baki ɗaya, shi ne su ɗauki wannan magana da nauyinsu su kai ta Fadar Manhyia da Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Gana, su nemi a kafa a Kumasi, ƙarƙashin kulawar asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ɗakin jinya wanda mai allura zai shiga ba tare da tsoron kamu ba, inda za a haɗa masa metadon da maganin ƙanjamau da gwajin tarin fuka da na ciwon hanta a taga ɗaya, a ba shi sirinji mai tsabta muddin bai kai ga bari ba, a kuma koya wa 'yan uwansa amfani da nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda allura ta tsayar wa numfashi. Idan an yi wannan an ga amfaninsa, aka kuma tarar da 'yan tsirarun da metadon bai riƙe ba, a lokacin ne za a zauna a duba matakin Suwizalan da idon basira. A ɓangarenmu kuma, masu wa'azi su bar ambaton waɗannan bayin Allah da la'ana a kan mumbari, iyaye su bar ɓoye ɗa mai cuta saboda gudun surutun unguwa, masu sana'a a kasuwar Kejetia da garejin Suame su karɓi wanda ya fara warkewa ya koyi aikin hannu. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ƙofar tuba kuma a buɗe take ga mai rai kaɗai, saboda haka farillar da ke kanmu yau ita ce mu tsare ran nan tukuna, sa'an nan mu nemi shiriyarsa.